Yadda ake gina tafkin ninkaya a bayan gida a Zariya

Wanda ya gama sabon gida ya ga fili ya rage a baya yakan yi sha'awar tafkin ninkaya, musamman in zafin Maris da Afrilu ya kankama. Maginan gari za su iya aikin, amma sai an tsaya a kansu, domin ƙa'idarsa ta bambanta da ta ginin ɗaki. Tafki mai tsawon mita 8 da faɗin mita 4, zurfinsa daga mita 1 zuwa mita 1.5, yana cin lita 40,000. Nauyin tan 40 ke nan na ruwa, dare da rana yana neman inda zai ɓulle. Abubuwan da za su riƙe shi kuwa, wato ƙasa, rodi, kankare da bututu, duk rufe su ake yi, ba a sake ganinsu sai in an fasa. Da wannan girman za a yi duk lissafin da ke ƙasa. In naka ya fi haka ko bai kai ba, sai injiniya ya sake lissafi.

Kayan da za ka tanada

Na gini: siminti buhu 160, yashin rafi mai kaifi kubik 10, fasasshen dutse mai girman milimita 20 kamar tan 23, da manyan duwatsu na shimfiɗar ƙasa kubik 6 zuwa 7. Rodi mai kaurin milimita 12, sanda 150, wanda ya ɗan haura tan ɗaya da rabi, da wayar ɗaure shi. Filawud mai kauri falle 25 da katakon tokara. Robar hana yoyo da ake sakawa a mahaɗar kankare, mita 27. Maganin hana ruwa ratsa kankare, da na shafawa a kan filasta. Tayil murabba'in mita 75, da gam da abin cike tsakaninsa waɗanda aka rubuta a jikinsu cewa na cikin ruwa ne. Wannan lissafin bai haɗa da ɗakin inji da daɓen gefe ba.

Na ruwa: injin famfo mai ƙarfin doki 0.75 zuwa 1, matatar yashi mai faɗin santimita 50 ko 60 da yashinta, sikima biyu, wato akwatunan bakin tafki masu kwashe dattin saman ruwa, magudanan ƙasa biyu, bakin mayar da ruwa uku, bututun roba mai jure matsi na milimita 50 da 63, bawul-bawul, fitilar cikin ruwa mai bolt 12 da taransifomarta, raga mai dogon hannu, buroshi, da kayan gwajin ruwa.

Na aiki: diga, shebur, baro, kwanon ɗaukar kankare, tef, igiya, fegi, ma'aunin daidaito da siririn tiyo mai nuna ciki, mikisa, injin jijjiga kankare, injin danne ƙasa, da buhunan algarara masu yawa. Mikisa da injunan biyu haya ake ɗauka. Siminti, rodi, dutse da yashi duk akwai su a gari. Kayan ruwan ne galibi sai an nemo daga Kaduna, Kano ko Abuja, kuma tilas su iso kafin ranar zuba kankare, don rabinsu a cikin kankaren za a binne su. Siminti kuwa kada ka saye shi gaba ɗaya. Ɗauko na kowane mataki in lokacinsa ya zo.

1. Lokacin farawa

Daminar Zariya daga Mayu take zuwa farkon Oktoba, ruwan shekara kan kai milimita 1,000 ko ya ɗan haura, mafi yawansa a Yuli da Agusta da Satumba. Ramin da aka haƙa a wannan lokacin kududdufi yake zama, gefensa ya zabtare. Fara haƙa a Nuwamba, ka gama zuba kankare kafin ƙarshen Disamba, ka yi tayil a Fabrairu, ruwa ya shiga a Maris. Damina kuwa lokacin bincike ce, kamar yadda za a gani.

2. Zaɓen wuri da sanin abin da ke ƙasa

Bar tazarar mita 3 tsakanin bakin rami da tushen gida ko katanga. Sokawe da ramin masai su yi nisan mita 5 ko fiye. Kada wayar lantarki ta gitta ta sama. Nisanci bishiya: dogon yaro da mangwaro suna zubar da ganye, turare saiwarsa na bin danshi har ta shiga bututu, rimi kuwa, duk da shi ne adon birni, audugarsa in ta tashi sai ta toshe kwandon sikima a yini ɗaya.

Sai batun sutura. Tsaya a tsakiyar wurin ka ɗaga kai ka duba ko tagar benen maƙwabci na kallonsa, ka kuma yi tunanin filin da ke kusa wanda ba a gina ba tukuna. Tafkin da ake hangowa daga waje, matan gida ba za su shiga ba, kuɗin ya tafi a banza. Ƙara tsawon katanga tun yanzu ya fi sauƙi.

Ƙasar Zariya ba iri ɗaya ba ce. A kan tudu jar ƙasa ce da marmara, masu riƙe gini sosai. Kusa da Kufena da sauran wuraren da dutse ya leƙo, kana iya cin karo da fa kafin ka kai mita biyu. A gangaren Kubanni da Galma da duk inda yake fadama a da, laka ce mai kumbura da damina ta tsage da rani, ruwan ƙasa kuma yana kusa. Haƙa ramin gwaji mai zurfin mita 2.5 a inda tafkin zai zauna. In akwai rijiya a gidan ko a maƙwabta, auna inda ruwanta ya tsaya a ƙarshen Agusta ko farkon Satumba; wannan shi ne iyakar hawan ruwan ƙasa a unguwar. In tazarar ruwan da bakin rijiya ba ta kai mita 2 ba, to zai taɓa gindin tafkinka, kuma dole injiniya ya sani. Tafkin da babu ruwa a ciki, in ruwan ƙasa ya kewaye shi, tasowa yake kamar ƙwarya a kan ruwa, ya karkace, ya karya bututunsa.

In an tarar da dutse, kada a ɓata kuɗi wajen fasa shi. A gina rabin tafkin a ƙasa rabi a sama, a yi masa daɓe mai matakala. Haka ake yi a inda ruwan ƙasa ya yi kusa. Sabon gida yana da wata matsala tasa: sau da yawa bayan gida ciko ne, ƙasar da aka zuba don daidaita fili da ɓaraguzan gini. Ba a ɗora tafki a kan ciko. A haƙa sai an kai ƙasa ta asali, a cike gurbin da dutse ana dannewa.

3. Zane da izini

Nemi injiniyan gine-gine mai rajista da COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista a Najeriya, ya zana maka kaurin kankare da jerin rodi bisa ƙasar gidanka. Alƙaluman da ke nan na ƙasa mai kyau ne. In ƙasar ta zo da shakka, a ɗebi samfurinta a kai gwaji. Sashen injiniyan gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru yana da ɗakin gwajin ƙasa da kankare. Izinin gini a jihar Kaduna a hannun KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar, yake. In tafkin baya cikin zanen gidan da aka amince da shi, kai musu sabon zane kafin a sa diga a ƙasa.

A kan zanen ne za a yanke inda sikima za su zauna. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa da ƙura, hadari ma daga gabas yake tasowa da guguwarsa. Don haka datti a yamma yake taruwa. Sa sikima biyun a bangon yamma ko kudu maso yamma, bakin mayar da ruwa kuma a bangon da ke fuskantarsu, iska da ruwa su riƙa tura dattin waje ɗaya.

4. Awo da haƙa

Kafa fegi ka ja igiya. Cikin tafki mita 8 da 4 ne, bango santimita 20, daɓen ƙasa kuma zai zarce bango da wani santimita 20, ya zama 8.8 da 4.8. Ramin ya zama 9.8 da 5.8 don kafinta da mai famfo su sami wurin tsayawa. Don tabbatar da kusurwa, auna daga lungu zuwa lungun da ke kallonsa: na mita 8 da 4 zai ba ka mita 8.94, kuma ɓangarorin biyu su zo daidai.

Buga alamar tsayi guda ɗaya a jikin katanga, duk awon zurfi daga nan za a riƙa ɗaukarsa da tiyon ruwa. Bakin tafki ya ɗara ƙasar tsakar gida da santimita 15, don kada ruwan sama ya kwaso jar ƙasa ya zuba ciki. Ruwa kuma yana tsayawa ne santimita 15 ƙasa da baki. Da wannan, zurfin rami daga bakin tafki zai zama mita 1.55 a gefe mara zurfi, 2.05 a mai zurfi. Ƙasar da za ta fito ta kusa kubik 95, kuma takan ƙaru in ta warware, saboda haka shirya tifa tun da wuri, ka ajiye kamar kashi ɗaya cikin uku na mai kyau don ciko.

In katafila za ta iya shiga, yini ɗaya ne, amma a bar santimita 20 na ƙarshe leburori su gyara da hannu. In an zarce zurfi, kada a mayar da sakakkiyar ƙasa. A cike da dutse ko kankare mara ƙarfi. A kwantar da gefen rami kaɗan, a tara ƙasar da aka fitar nesa da baki da mita ɗaya, a kuma kange wurin saboda yara tun daga ranar farko.

5. Shimfiɗa da bututun ƙasa

Jera duwatsu kaurin santimita 15, a watsa yashi, a danne da inji. A haƙa gurbin magudanan ƙasa biyu a gefe mai zurfi, tazarar mita ɗaya tsakaninsu, a haɗa su a bututu ɗaya na milimita 63. Dalilin yin biyu shi ne in jikin yaro ya rufe ɗaya, ɗayar za ta ci gaba da jan ruwa, ba za ta manne shi a ƙasa ba. A inda ruwan ƙasa yake kusa, a sa bawul mai buɗewa da kansa a gindin magudana don ruwan ƙasa ya shigo tafki maimakon ya ɗaga shi, a kewaye ramin da bututu mai huji a cikin tsakuwa wanda zai kai ruwa wata 'yar rijiya a gefe. Sannan a zuba siririn kankare santimita 5, buhu ɗaya da kwano 6 na yashi da 12 na dutse, don rodi ya sami wuri mai tsabta.

6. Rodi

Shimfiɗa biyu ake yi, ta ƙasa da ta sama, a daɓe da bango duka, tazarar santimita 20 tsaye da kwance. Inda sanda biyu suka haɗu su hau juna da santimita 60. Rodin bango daga cikin daɓe yake fitowa, a lanƙwashe shi kamar kusurwa, kada a dasa shi daga baya. Lungunan bango huɗu su sami nasu lanƙwasassun rodi, domin a nan tsagewa take farawa.

Kankare ya rufe rodi da santimita 4 zuwa 5 ta kowane gefe. Ana samun haka da 'yan guntayen kankare da ake kira biskit, waɗanda za a buga mako ɗaya kafin lokaci. Kada ka yarda a sa gutsuren bulo ko katako, suna shan ruwa su kai shi ga rodi. Rodin da ya kusanci fuska tsatsa yake yi a ruwan kilorin, ya kumbura, ya turo tayil. Auna kaurin rodin da aka kawo maka da kanka, don akwai wanda ake kira 12 amma bai kai ba. Kafin a rufe, mai lantarki ya haɗa rodin da wayar ƙasa, injiniya kuma ya zo ya duba.

7. Zuba kankare

Nan ne tafki yake gyaruwa ko ya lalace. Haɗin shi ne buhu ɗaya, kwano 3 na yashi, kwano 6 na dutse, ruwa kada ya wuce lita 25, a rage in yashin jiƙaƙƙe ne. Kubik ɗaya yana cin buhu 8. Leburori sun fi son kankare mai ruwa-ruwa don ya fi sauƙin zubawa, kuma da ka juya baya za a ƙara bokiti. Ruwan da ya yi yawa in ya bushe ƙananan hanyoyi yake bari a cikin kankare, ta nan yoyo yake bi. Sa mutum ɗaya a bakin mikisa da bokiti mai alama, aikinsa ke nan. In kankaren ya yi tauri da yawa, akwai maganin da ke sassauta shi ba tare da ƙarin ruwa ba.

Gwada yashin kafin a sauke tifa. Zuba shi a kwalba zuwa santimita 10, cika da ruwa, girgiza, ka bar shi ya kwanta. In lakar da ta zauna a sama ta wuce milimita 6, a mayar da shi ko a wanke.

Daɓen ƙasa ya kai kubik 8.4, buhu 68, kuma a yini ɗaya za a gama shi ba tsayawa. Kankaren da aka bari ya fara kamawa sannan aka ci gaba, mahaɗa yake bari, mahaɗa kuma ƙofar ruwa ce. Tanadi man inji, ruwa durom-durom da leburori isassu, a raba su kashi biyu don lokacin salla da abinci kada aiki ya tsaya. Tare da daɓen za a ɗaga ɗan gindin bango santimita 15, a nutsa rabin robar hana yoyo a tsakiyarsa, rabi ya tsaya a sama yana jiran bango. A ɗaure ta da waya kada ta kwanta, a narka bakunanta a haɗa.

In ba a sami robar ba, a yi kwari a tsakiyar gindin bangon da katako, washegari a karce fuskarsa har dutse ya bayyana, a wanke, a shafa kunun siminti mai kauri dab da zuba bango. Bai kai robar ba, amma yana yi in an kula.

Bayan kwana biyu ko uku kafinta ya kafa filawud. Kafin a rufe, mai famfo ya zaunar da sikima, bakin mayar da ruwa, gidan fitila da duk bututun da zai ratsa bango, a toshe bakunansu. Bututun roba santsi gare shi, kankare baya kama shi. A shafa masa gam a barbaɗa yashi, ko a sa masa zobe mai faɗi a tsakiyar bango. Wanda ya ce a bari a fasa bango daga baya a sa bututu, kada ka saurare shi. Sikima biyun su zauna a tsayi ɗaya, a auna da tiyon ruwa.

Bango kubik 7 ne, shi ma yini ɗaya. A zuba shi zagaye-zagaye, kaurin santimita 30 zuwa 40 kowane zagaye, ana jijjigawa, musamman ƙarƙashin sikima da gefen roba inda kankare ba ya son shiga. In babu injin jijjiga, mutum biyu su riƙa soka rodi, wani yana bugun filawud da guduma daga waje, a kuma rage kaurin zagayen. A ƙara tokara a gindi, a nan filawud yake buɗewa. In filawud ya yi tsada, a gina bulo inci 6 a matsayin bangon waje a bar shi a wurin, filawud ya tsaya a ciki kawai. Abin da ba a yi shi ne tafki da bulo zalla da filasta. Damina ɗaya ko biyu sai ya tsage a layin bulo.

Iskar hunturu tana shanye ruwan fuskar kankare kafin ya kama, ka ga ya yi zane-zane. A fara da asuba, da zarar fuskar ta ɗan yi ƙarfi a rufe da jiƙaƙƙen buhu ko leda. A yi ta ba shi ruwa kwana 14. Daɓen ƙasa ma a tare ruwa a kansa. A cire filawud bayan kwana uku ko huɗu a ci gaba da jiƙawa. Ƙarfinsa yana cika ne a kwana 28.

8. Bututu da gwajin yoyo

Kowane layi, na sikima, na magudana da na mayarwa, ya tafi ɗakin inji da bawul nasa. A rage lanƙwasa iya yiwuwa, a kwantar da bututu a kan yashi. A toshe bakuna, a matsa ruwa a ciki, a bar shi awa 24 ana kallon agogon matsi. In ya sauka, a nemo wurin yanzu.

Bayan kwana 28, kafin filasta, kafin ciko, a cika tafkin da ruwa. Mutane da yawa suna tsallake wannan don ƙyashin kuɗin tanka, sai yoyo ya bayyana bayan an manna tayil. Bar shi mako ɗaya kankare ya sha abin da zai sha. Sannan ka ajiye bokiti da ruwa a kan matakala, ka yi alama a jikinsa da jikin bango. Bayan wani makon, in tafki ya sauka fiye da bokitin, akwai yoyo. In sun sauka tare, rana da iska ne. Zagaya bayan bango ka nemi danshi, musamman a mahaɗar gindi da inda bututu ya fito. A faɗaɗa wurin da kurfi a cike da siminti na gyara mara tsukewa. Ciko kuma a yi shi ruwan na ciki, santimita 20 a kowane zubi, ana yayyafa ruwa ana dannewa. Cikon da aka tura gaba ɗaya yakan zauna da ruwan farko, ya ja bututu ya tsinka.

9. Filasta, tayil da daɓen gefe

A kwashe ruwan a ba shuke-shuke, tun da ba magani a ciki. A karce bango, a yi filasta santimita 2, buhu ɗaya da kwano 6 na yashi, a zagaye lungu kada ya zama kusurwa. Bayan mako ɗaya a shafa maganin hana ruwa sau biyu, na biyun ya gitta na farko. Tayil ya zama na tafki ko wanda ba ya shan ruwa. A cika bayansa da gam gaba ɗaya; ɗige-ɗigen da masu tayil suka saba yi a ɗaki rami yake bari, ruwa ya shiga ya ɓalle shi. Layin farko na sama a ja shi da tiyon ruwa, domin ruwa zai nuna duk karkata. Bakin matakala a sa masa launi daban. A jira mako biyu zuwa uku kafin a zuba ruwa, a kuma yi masa rumfa in rana ta yi zafi.

Daɓen gefe ya kai faɗin mita 1.2, ya gangara waje da santimita 2 a kowace mita, mara santsi, mai haske. Baƙin dutse yana da kyau a ido, amma a Afrilu ba mai iya taka shi ba takalmi.

10. Ɗakin inji da lantarki

Ɗakin ya kasance kusa, cikin mita 8, injin famfo ya zauna daidai da tsayin ruwa ko ƙasa da shi. In an nutsa ɗakin a ƙasa, a yi masa mafitar ruwa. Ruwa daga tafki yake zuwa famfo, ya shiga matata, ya koma. Ana so dukkan lita 40,000 su ratsa matata cikin awa 6, wato kamar lita 7,000 a awa. Famfon da ya fi ƙarfin matata tura datti yake ya wuce ta cikin yashin.

Famfo zai yi aiki awa 6 zuwa 8 kullum, kuma ruwan da ya kwana uku a tsaye lokacin zafi kore yake zama. Saboda haka kada ka dogara da wutar layi kaɗai. Sola ta dace da wannan aikin, domin da rana ake buƙatar tacewa. Sai dai inbata ta fi ƙarfin famfon sau uku, saboda wutar da yake ja lokacin tashi. Duk layin tafki ya bi ta na'urar yanke wuta mai miliamfa 30. Taransifomar fitila a ɗakin inji take zama. Babu soket kusa da ruwa.

11. Shinge

Kafin ruwa ya shiga, a kewaye tafkin da shinge mai tsayin mita 1.2, tazarar sanduna kada ta kai santimita 10, ƙofa mai rufe kanta, sakata a sama inda ƙaramin hannu ba zai kai ba. Katangar gida ba ta wadatar ba, domin yaran da ake tsoro a cikin gidan suke, ga na baƙi ranar suna ko biki. Yaro yana nutsewa ba tare da ihu ba.

12. Zuba ruwa da magani

Tanka mai lita 10,000 sau huɗu za ta cika shi. In rijiyar burtsatse za ka yi amfani da ita, gwada tukuna: ɗebi bokiti ka sa ɗan kilorin. In ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, akwai ƙarfe a ruwan. Sai a cika tafkin, a sa kilorin mai yawa, a zuba alam, a kashe famfo ya kwana, da safe a zuƙe abin da ya kwanta a fitar waje ba ta cikin matata ba. A lura kuma, rijiyoyi da yawa a Zariya ƙarfinsu yana raguwa a ƙarshen rani. A ja ruwan a hankali cikin kwanaki kada inji ya ƙone.

Awo biyu za ka riƙa yi sau biyu ko uku a mako. Ma'aunin tsami, pH, ya tsaya tsakanin 7.2 da 7.6, sabon tafki yakan haura saboda siminti, sai a sauke shi da asid kaɗan-kaɗan. In ya yi ƙasa, garin soda ke ɗaga shi. Kilorin ya tsaya tsakanin 1 da 3 a kan ma'auni. Garin kilorin mai ƙarfin kashi 65 cikin ɗari, giram 60 yana ɗaga wannan tafkin da 1. Ranar farko, ko in ruwa ya yi kore, a sa giram 600, kada kowa ya shiga sai ya sauko zuwa 3. A narka shi a bokitin ruwa a zuba da yamma, famfo yana aiki, don rana tana cinye shi. Magani ake zubawa a cikin ruwa, ba a zuba ruwa a kan magani. Kilorin da asid kada su haɗu a bokiti ko a ajiye su gefe da gefe. Hayaƙin da suke fitarwa yana kisa.

Rubuta abin da agogon matsi na matata ya nuna ranar farko. In ya ƙaru da rabin bar, wato ma'aunin matsi da ke jikin agogon, a kashe famfo, a juya hannun bawul zuwa wanki, a kunna minti uku, a kashe, a ɗauraye rabin minti, a mayar. Ba a juya hannun famfo yana aiki. Ruwan wankin ya tafi raminsa daban, ba sokawen banɗaki ba. Da hunturu za a yi wannan kusan kowane mako saboda ƙura, ruwa kuma zai riƙa raguwa: milimita 6 kawai a wannan faɗin kusan lita 200 ne. Murfin tafki yana rage duka biyun, amma ba ya maye gurbin shinge. Da damina a auna ruwa bayan kowane ruwan sama mai ƙarfi, a rage in ya haura bakin sikima. In gyara ya taso da ke buƙatar kwashe ruwa duka, a jira Fabrairu ko Maris, lokacin da rijiyoyin unguwa suka yi ƙasa.